Ruwan da Ba a Sha a Gidanku

Zuwa ga Sadiqa, hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar kaɗanya a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa! Ke da in kin shigo aji kin zauna, malamin da ke gaban allo sai ya koma mini kamar mai magana daga bayan gari. Ke ce farin watan da na fara gani a ƙasar da ban san kowa ba. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya ke 'yar mutan Bawku. Gaisuwa ce daga Ɗanlarai, sarkin surutu, wanda yau bakinsa ya mutu, idonsa kuma ba zai iya haɗuwa da naki ba.

Na kira wayarki har ta gaji da kuka ba ki ɗauka ba, kuma wallahi ban ga laifinki ba. Shi ya sa na koma ga biro da takarda kamar mutanen da. Sumaya 'yar ɗakinku za ta je gida Pusiga, ta ce za ta biya ta Bawku ta miƙa miki hannu da hannu. Ta dai karɓa, amma irin kallon da ta yi mini, da ƙasa za ta tsage da na shige.

An koma karatu, Sadiqa, kowa ya dawo daga hutu sai ke, Yendi kuwa ta zama mini miya ba gishiri. Da safe ina tsayawa wurin Mma Ayishatu mai koko a bakin ƙofar makaranta, ta gaishe ni da yarensu ta ce mini "Dasiba," in rusuna in ce "Naa," yadda kika koya mini, ta zuba mini koko mai yajin citta da ƙosai, in sha kamar ina shan magani. Tambayarta ɗaya ce kullum, ina ƙawar taka? In ce tana gida, in sunkuyar da kai. A aji ana zana ƙasusuwan hannu a allo, ni ina kallon kujerarki. Ranar da aka kai mu asibiti koyon aiki na ɗaura wa wani tsoho abin awon jini, na hura, na saki, na sake hurawa ban duba komai ba, sai da ya ce, ɗan Najeriya, hannun nawa kake so ka tafi da shi? Wahabu abokin ɗakina ya kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, tuwon da na rantse ba zan koma Kano ba sai na iya tuƙa shi, na yanko loma na mayar da ita kwano.

Kin tuna ranar da muka fara magana? Ina sabon zuwa, na ɓace a kasuwar Yendi a tsakanin tulin doya, rana ta dafa ni, ga girman kai ya hana ni tambayar hanya. Sai ga ki a kan babur, kin ɗaure mayafi a ƙugu, kika taka burki a gabana kika ce, "Kano, hau mu tafi." Na tsaya ina zare ido. Ni, jikan Madugu Jatau, a bayan mace a kan babur? Kika ce to jikan Madugu ya yi ta tsayuwa, kika murɗa hannu za ki wuce. Ai ban san lokacin da na ɗare ba! Na riƙe ƙarfen baya gam, kina ratsa ramuka kina dariya, ni ina salati a ɓoye. Kafin mu kai ƙofar makaranta na san na kamu, kamun da ba na neman kuɓuta.

Kin ji sunan Madugun nan a bakina har kunnenki ya gaji. A gidanmu na Kano da labarinsa ake yaye yaro. Kakan kakana ne, shi yake jan ayarin jakai zuwa ƙasar Gwanja, ya kai kanwa da tufafi ya komo da goro, 'yan fashi in sun ji sunansa sai su ba da hanya. Da na samu gurbin karatu a Ghana cewa babana ya yi, za ka inda arzikin gidanmu ya fito. To da ɗalibai suka shirya yawon buɗe ido zuwa Salaga, tsohuwar kasuwar ƙasar Gwanja, a ɗan hutun nan, ni na fara ɗaga hannu, na ɗaga har da naki ban tambaye ki ba. Kika ce ba za ki ba, gida za ki. Na ce don me, kika ce haka nan. Ni kuwa da bakin nan nawa da ba ya rufuwa na ce raguwa ce ke, ramukan hanyar Bimbilla kike tsoro. Kika yi murmushi kawai kika kau da kai. Wayyo ni, me ya rufe mini ido ban karanta murmushin nan ba?

Kin ga abin da na turo, amma bari in faɗa da bakina, don hoto bai nuna rabin wautar ba. Mun isa da hantsi muna waƙa a mota kamar 'yan kai amarya. Gari ne mai shiru, ga rijiyoyi birjik a cikin ciyawa, wasu an gyara bakinsu, wasu sai ka kusa faɗawa ka gan su. Mai yi mana bayani ya ce a nan ake wanke mutanen da aka kamo, a shafa musu man kaɗanya su yi sheƙi, sannan a kai su kasuwa. Na ji da kunnena, ba zan ce ban ji ba. Amma ta nan ta shiga ta can ta fita, don hankalina yana wurin jakunan Madugu, ina ta cewa a raina a nan suka sha ruwa, a nan suka sauke kaya. Aka fito da tsohon mari na ƙarfe, irin wanda ake sa wa mutum a ƙafa, don mu gani. Kafin a hana ni na zura ƙafata, na langaɓe kai, na marairaice fuska, abokai suna ƙyalƙyala dariya suna ɗauka a waya. Bai ishe ni ba, na ja ruwa da guga, na kamfata na sha, na wanke fuska, na ɗaga murya na ce, "Ruwan kakanni! Jikan Madugu ya dawo gida!" Kuma duk faɗin duniyar nan na rasa wanda zan tura wa sai ke.

Muna kan hanyar dawowa saƙonki ya shigo. Na karanta shi har ya zauna a kaina kamar karatun allo. Kika ce: "Kakar kakata da ƙanwarta, daga wani ƙauye kusa da Tempane aka kamo su. A rijiyoyin nan aka wanke su. Babbar tana da gyambo a ƙafa, ba wanda ya taya, daga baya ta samu ta gudo gida. Ƙaramar aka haɗa ta da ayarin goro, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Har yau a gidanmu ba a shan ruwan Salaga. Hajia tana gefena lokacin da na buɗe."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mota tana ta waƙa, ni kuwa ruwan nan na riga na sha shi. Hajia Zuweira, kakarki da ta goye ki tun kina jaririya, wadda kika ce in ta ce a'a duk Bawku ba mai cewa e, wadda kika yi mini alkawarin za ki kai ni in durƙusa a gabanta in an yi babban hutu! Ashe ta riga ta gan ni. Ganin farko da ta yi wa mai son jikarta, yana wasa da mari a ƙafa, yana wangale baki. Sadiqa, wace irin kunya ce wannan? A wane kogi zan wanke ta?

Da ma a nan abin ya tsaya. Da na iso ɗaki na kira Kano, na ce a ba ni kakata Hajiya Yalwa. Na ce, Hajiya, don Allah goro kaɗai Madugu yake kawowa daga Gwanja? Ta ce wa ya aike ka tonon tsohon rami? Na nace. Ta ce da goro yake zuwa, da mutane. Ta ce lokacin da aka kawo ta gidanmu tana amarya ta tarar da wata tsohuwa tukuf a ɗakin baya, mai tsagen fuska ba irin namu ba. Ita ta daka wa gidan hatsi har bayanta ya ranƙwafa. In tana tsince wake takan yi waƙa da wani yare da ba mai ji, yara su yi ta kwaikwayonta. Gwanja ake kiranta, don daga can aka zo da ita, har ta rasu ba wanda ya san sunan da uwarta ta raɗa mata.

Ban ce ita ce ƙanwar kakar kakarki ba, ya ke abar ƙaunata. Dubbai aka bi da su ta hanyar nan, madugai kuma ba Jatau kaɗai ba ne, Allah ne masani. Amma ko ba taku ba ce, ƙanwar wata ce. Ni kuwa a gidan da ta daka wa hatsi aka haife ni, na girma ina buga ƙirji da sunan wanda ya sayo ta.

Wahabu ya ga na ƙi ci na ƙi sha, ya ba ni shawara irin ta masoyi. Ya ce baƙo ko da ido makaho ne, in je in ba da haƙuri a kan hoton, in ce kakan nawa goro kaɗai ya sani, wa zai je Kano ya bincika? Ba zan ɓoye miki ba, shawarar ta yi mini daɗi, har na fara shirya kalmomin. Ina son ki, Sadiqa, son da ya sa ƙarya ta yi mini kyau! Amma yaya zan zauna da ke a gida ɗaya, ki dafa in ci, ki haifa mini 'ya'ya, ranar sallah mu kai su Kano su yi wasa a ƙofar ɗakin bayan nan, kina kallo ba ki sani ba? Gara ki rabu da ni kina sane da ki zauna da ni a makance.

Sai maganar goro. Na sha yi miki alfahari cewa ranar da zan zo gaisuwa sai Bawku ta ga farin goron da ba ta taɓa gani ba, tunda goro gadon gidanmu ne. Kika yi ta dariya kina cewa Hajia ba ta da haƙoran cinsa. Yanzu da wane hannu zan miƙa mata? Ba a neman aure ba goro, na sani, amma wannan zuwan ba na neman aure ba ne. Hannu biyu zan zo, ba ƙunshi ba leda.

Asabar mai zuwa in Allah ya yarda zan hau motar Bawku. Ban nemi ki tare ni a tasha ba, Sumaya ta kwatanta mini gidan, bayan 'yan albasa. Zan cire takalmi in durƙusa a bakin ƙofar Hajia in faɗa mata duka, da marin, da ruwan, da Madugu, da tsohuwar ɗakin baya. In ta fi son a yi da yarenku na Kusaal, ke za ki fassara, kuma na haɗa ki da Allah kada ki sassauta ko kalma ɗaya don tausayina. Na san zuciyarki, tattabarata, kin fi audugar rimi laushi, za ki so ki rufa mini asiri. Kada ki rufa.

Roƙo ɗaya ya rage. Na ga al'adarku mai kyau, ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai an miƙa masa ruwa ya sha. Ni kada ki kawo mini. Bari in gama magana da busasshen maƙogwaro. In Hajia ta ji komai ta ce a ba shi ruwa, zan karɓa da hannu biyu daga hannunki, in sha ina kuka, ko da duk unguwa na kallo. In kuwa ta yi shiru, zan ɗauki takalmina in juya da ƙishina, ba zan ƙara tsayawa a hanyarki ba, a makaranta ko a kasuwa. Ke dai ki dawo karatunki, kada wautata ta ci miki shekara.

Ko an ba ni ko an hana, zuciyar nan ba ta da wata uwar ɗaki sai ke, yau da gobe, har ranar da za a miƙe mini ƙafa.

Naki, mai jin kunyarki,
Ɗanlarai