Ruwan Jegon Hajara

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda 'ya ke yi wa mahaifiya, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, amma ba ni da wanda zan kai wa ƙara in ba ke ba.

Autarki Hajara ta sauka lafiya, namiji. Da yake haihuwar fari ce, an dawo da ita gida Kiru wanka, ni kuma na baro ɗakina a Tudun Wada na zo in tsaya a madadinki. Tsayawar ce ta fi ƙarfina.

Ina tuna nawa jegon. Tun assalatu kike hura murhu a bayan ɗaki, ki ɗora babbar tukunya, hayaƙi na sa ki hawaye kina mita. Ki tsoma ganyen darbejiya ki fyaɗa mini, ina ihu kina cewa, "Raki ba ya gasa jiki." A lokacin haushinki nake ji, wallahi.

Yanzu itace ya yi wuya. Yaya Sani, da yake shi ne babba a gidan tun bayanki, sai ya sayo hita, ƙarfen nan mai igiya da ake tsomawa a ruwa a jona da lantarki. Ya kawo shi da murnarsa, ya ce ya hutar da mu. Ban ga laifinsa ba, don alheri ya nufa.

Kin san halin wutar garinmu, ba ta da lokacin zuwa. Saboda haka matan gida suka saba cika bokitin ƙarfe, su tsoma hita, su bar shi a jone ko babu wuta, don kada ta zo ta koma ba a ci moriyarta ba. Ran nan da hantsi na ga ƙwan lantarkin tsakar gida a mace, sai na sa hannu in ji ko ruwan ya ɗauki ɗumi. Ashe ƙwan ne ya ƙone, wuta tana nan. Inna, wani abu ya fizge ni tun daga yatsu har kafaɗa, ya yar da ni gefen rariya. Har yau hannun yana mini tsami. Takalmin roba ne a ƙafata, kuma ƙasa a bushe take. Hajara kuwa ƙafa ba takalmi take shiga bayi, kan jiƙaƙƙen siminti.

Na sa aka kira mai gyaran wuta. Ya duba ya ce hitan ya tsage, wuta na zuba cikin ruwa, kuma ba shi da waya ta uku da za ta kwashe ta zuwa ƙasa. Ya tambaye ni ina ƙarfen gidan yake, wanda ake kafawa a ƙasa a ɗaure masa waya, don in wuta ta ɓalle ta bi ta nan maimakon ta bi ta jikin mutum. Sai na tuna guntun ƙarfen nan na gindin katanga da kike hana mu ɗaure akuya a jiki. Da za a faɗaɗa garke bara, yara suka tumɓuke shi, wai tsohon turke ne yana sa su tuntuɓe. Shi ya sa firij ma ke jan mutane, kowa ya mai da abin wasa, ana cewa gaisuwa yake yi.

Na sami Yaya a zaure, na durƙusa na gaya masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce gidaje nawa ke amfani da irin wannan ba abin da ya same su, a dai riƙa kula. Ƙarfen kuma za a kafa bayan an gama girbi. Ban iya musu da shi ba. Da ke ce, kallo ɗaya za ki yi masa ya tashi ya nemo mai gyara.

Na ɓoye hitan a ƙasan jakata, na tono tukunyarki daga rumbu. Karan dawa nake haɗawa da ɗan itacen da na samu, ina dafa ruwan safe da na yamma. Amma mijina ya aiko cewa yara sun dame shi, in dawo. Da na faɗa wa Hajara, sai ta dubi jaririn ta ce, "Yaya, in kin tafi wa zai hura mini wuta? Hitan dai zan koma wa." Kasuwa kuma cike take da irinsa.

Na mayar wa mijina da saƙo cewa ba zan taho ba sai an yi arba'in. Ban taɓa saɓa masa haka ba. Tsoro nake ji ta ko'ina, Inna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya zuciyar Yaya ya kafa ƙarfen nan kafin in tafi. Allah Ya haɗa mu da ke a Aljanna gaba ɗayanmu. Amma Hajara, ya Allah, ba yanzu ba. Ɗanta bai ma san fuskarta ba tukuna.

Taki mai kewarki kullum,
Rabi