Ranar da Baba Ya Hana Jibo Tashi

Talata Mafara,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yayana Mahmud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rumaisa da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Damina ta zauna, gero ya yi kore shar a garinmu Dosara, Inna kuma ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa unguwa. Hanyar Maradun ma kwanakin nan da dama, Allah ya ɗorar mana da zaman lafiya.

Na zaɓi in rubuto ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai aya, kuma maganar ƙanenmu Jibo ce. Ka san tun zazzaɓin da ya kwantar da shi bara waccan bai koma daidai ba. Ya yi barci ya tashi kamar an yi masa duka, ciki kullum a kumbure, ana magana da shi sai ya rasa abin da zai ce. Ka kuma san hukuncin da Baba ya yanke, tunda da shawararka aka yi: in damina ta wuce Jibo bai kama aiki ba, za a karɓe gonar fadama a ba ɗan Kawu Buba. Ba gonar ce ta fi ci masa rai ba, Yaya. Sunan rago ne da Baba ya kira shi da shi a gaban matarsa Taibatu.

Ni ban ga laifin idon Baba ba, abin da ya gani ne ya ruɗe shi. Duk ranar da aka kira gayya, da Nagode makaɗi ya buga gangar noma ya ambaci sunansa, sai Jibo ya zabura ya ɗauki galma, ya yi aiki kamar da. Kashegari kuwa ko buta ba ya iya ɗagawa, sai ya yi kwanaki a kwance. Mutane suka ce to, ga shi nan, in da kiɗa da hura yana da ƙarfi, gonar ubansa ce ba ya so. Inna kuma ta tsaya a kan dattin ciki ne. Ta dafa filasko ta ɗura masa, ya wuni yana zarya bayan gida. In bai tashi ba a ce taifot ne ya dawo, a aika kemis a sayo kafso ja da rawaya. Haka aka yi ta wanke cikin bawan Allah kamar tukunyar biki, shi kuwa sai ƙara lalacewa yake yi.

Da na je na gan shi wancan watan, wallahi raina ya ɓaci. Na ce da Baba ko ya yarda ko bai yarda ba, asibitin Sakkwato za mu, kuma ƙafarsa ƙafarmu, domin ya ji da kunnensa. Ya yi faɗa, ya ce aurena a Mafara ya sa na fara mayar masa da magana, amma dai ya shiga mota. An ɗebi jini, an duba hanta da ƙoda da suga da ƙirji, muka yi ta komawa, duk ba a sami komai ba. Baba har ya fara yi mini kallon ai na gaya miki. Sai aka haɗa mu da wata likita mai haƙuri, ta zaunar da Jibo ta yi ta tambayarsa. Da ya ba ta labarin gayya, sai ta ajiye biro. Ta ce wannan da muke ɗauka shaidar lalaci, ita ce babbar alamar ciwon. Sunansa ciwon gajiya mai daɗewa, yakan biyo bayan zazzaɓi, kuma halinsa ke nan: mutum ya tilasta wa jikinsa yau, gobe ko jibi jikin ya kayar da shi.

Sannan ta tambayi abin da yake sha. Da Taibatu ta lissafa, likitar ta riƙe baki. Ta ce a cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu yawan gaske, kuma yawancinsu ba cuta ba ne, su ke taya mu narkar da abinci da kare jiki. Ka ji ikon Allah! Ta ce masu bincike sun lura cewa a cikin masu irin wannan ciwo wasu daga cikin masu amfanin sukan ragu, amma ta gaya mana gaskiya, har yanzu ba a tabbatar ko su ke kawo ciwon ko ciwon ke rage su ba, kuma ba a sami maganin da ke warkar da shi kai tsaye ba. Abin da ta tabbatar shi ne kafso barkatai ba ya zaɓe, mai amfani da marar amfani duk kashewa yake, wankin ciki kuma ƙara galabaitar da shi yake. Ta ce a daina duka biyun. Ya ci wake da zogale da rama, ya sha nono mai tsabta, ya yi abin da jikinsa zai ɗauka, ya tsaya tun kafin ya gaji. Daga nan muka kamo hanyar gida.

Inna ta yi kuka, ta ce ashe abokan arziki take kora daga cikin ɗanta. Yanzu kuwa ta koma ɗaya gefen, kullum da kwanon kwaɗo a hannu, wai tana ciyar da baƙin da ke ciki. Kumburin ya sauka sosai. Gajiyar tana nan, kada in yi maka ƙarya, amma yana zama a zaure, yana zuwa masallaci, jiya har dariya ya yi mini a waya. Ni dai na sami barci, domin da ina tsoron wani mugun abu ne ke cinsa a ɓoye.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Asabar da ta wuce Baba ya kira gayya, kuma a gonar fadamar Jibo ya kira ta. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, ya zaunar da Jibo, shi ma ya zauna kusa da shi. Da aiki ya yi zafi, Nagode ya juyo da ganga ya fara kiran sunan Jibo kamar yadda ya saba. Ina kallo jikin yaron ya ɗauki rawa, ya kai hannu ga galma. Sai Baba ya dafa masa gwiwa ya danne. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce da Nagode ya kira wani, ɗansa ba shi da lafiya, kuma duk wanda ya sake ce masa rago to da shi Baba yake. Ya ce gona ta Jibo ce, ko zai shekara goma bai taɓa galma ba. Jibo ya sunkuyar da kai, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska. Har aka tashi hannun Baba bai bar gwiwarsa ba.

Inna da Baba suna gaishe ku, haka Taibatu da Kawu Buba. Maigidana Isma'ila yana gaisuwa ta musamman. Ka gaishe mini da Rumaisa, ka shafa kan Muhammad da 'yar Gimbiya, a ce musu Gwaggo tana kewarsu.

Saura kai, Yaya. Da zan taho daga Dosara, Jibo bai tambaye ni komai ba sai ko Yaya Mahmud ya ji abin da likita ta ce. Na ce masa za ka ji. Don Allah ka kira shi, kuma kada ka tambaye shi yaushe zai koma gona. Ka ce masa sannu kawai, ita yake jira.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Ikilima