Gajeriyar Malam Ba Ta Ɓata Ba

Zuwa ga Malam, maigidana kuma ɗan ajinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta dace da kai, ina roƙon Allah Ya sa wannan lokaci ya same ka cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan Faskari muna lafiya, yara da jikoki duk kalau. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Amma ka san halina, magana ba ta kwana a cikina, kuma labarin nan naka ne kafin ya zama na kowa. Masu leƙen wasiƙar nan su yi haƙuri, da mijina nake magana.

Bari in fara da mai ɗacin. A farkon daminar bana irin dawarka ya ƙare a hannuna.

Daji ya lalace fiye da yadda ka bar shi, gonarmu ta bayan Mairuwa ta daina shiguwa. Sai na koma shuka 'yan kunyoyi a bayan gida, ba don ci ba, don iri kawai. Bara, daidai lokacin da ta fara nuna, yara suka tafi da ni Katsina aikin ido. Ka san ta riga kowace dawa nuna, kuma ita kaɗai ce a unguwar, tsuntsaye suka yi bikinsu. Na dawo ido garau, abin da na fara gani da shi zangarnu ne fayau babu ƙwaya. Akwai ɗan tsohon iri da ka bari a gwangwani cikin toka, shi na shuka da ruwan shuka ya sauka. Kullum da safe sai na fita na duba. Da na gaji da jira na tona da yatsa, na tarar duk ya ruɓe. Nan bakin kunya na zauna na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da kai. Ji na yi ka sake mutuwa, wannan karon a hannuna.

Ka tuna yadda aka fara? Tun shekararmu ta farko a kwalejin koyon aikin gona ka zo da dawar kakarka daga Mairuwa, ka roƙi ɗan fili a gefen gonar gwaji. Ana tashi daga aji kowa ya nufi inuwa, kai ka nufi rana, kana bin kunya kana ɗaura tsumma a wuyan duk wadda ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, bai kassara ba. Ita kaɗai kake cirewa iri, badi ka sake. Tun kana saurayi ake ce maka Malam saboda rashin wasanka, ita kuma dawar da ta ƙi wuce kafaɗa aka sa mata Gajeriyar Malam. Dogo, ɗan Sabuwa, shi ne sarkin tsokana. Ya kan tsaya a kanta ya riƙe ƙugu ya ce, "Wagga dawa taka ko akuya ba ta ɓuya cikinta. Da mi za a yi danga?" Kai kuma ko ɗagowa ba ka yi sai ka ce, "Mutum tuwo yake ci, ba danga ba."

Ranar da aka yaye mu, kowa na musayar hoto da adireshi, kai ka shigo da buhu a kafaɗa. Ka bi ɗan aji ɗaya bayan ɗaya kana miƙa masa zangarniya kana cewa, "Duk inda aka tura ka, ka shuka, ka ba wani." Da ka iso kaina ka ba ni biyu. Aji ya kaure da ihu, daga nan asirinmu ya tonu.

Yau shekara talatin da ɗoriya ke nan. 'Yan ajin namu sun buɗe zaure a waya, 'yarmu auta ce ta sa ni ciki. Yawanci gaisuwar Juma'a ce da hotunan jikoki, sai sanarwar rasuwa da ta fara yawa. Akwai wanda ya zama farfesa, ba ya turo komai sai dogon rubutun da ba mai kai wa ƙarshensa. Akwai wanda ya faɗa siyasa, shi sai zaɓe ya matso yake tuna muna da rai. Ranar da na tona kunyar nan, da na share hawaye, sai na naɗi murya na faɗa musu abin da ya faru, na tambaya ko akwai mai sauran iri. Na zaci za a ce mani Allah Ya mayar da alheri, a wuce. Malam, mutanen nan sun fitar da kai kunya.

Dogo ne ya fara kira. Ya kai darakta kafin ya yi ritaya, yanzu yana Sabuwa yana shugabancin kwamitin masallacinsu, kuma an ce ko tabarma ba ta kaucewa sahu a gabansa. Gwiwa ta hana shi sakat, sallah ma a kujera yake yi. Ya ce mani, "Hajiya, ni tawa ba zan ɓoye maki ba, kaji na ba rabi. Amma rabin na shuka ma wani mai gari a wurin da aka fara tura ni. Zan tahi in gani." Na ce ya rufa mani asiri ya zauna, hanyar ba ta da kyau. Bai ji ba, dama yaushe ya taɓa ji. Ya hau bayan babur da sandarsa ya je. Ya tarar garin babu kowa, ciyawa ta rufe ƙofar masallaci. Da yamma ya kira ni ya faɗa mani. Duk da haka bai bari ba, ya dinga bin mutanen garin inda suka watsu, gida gida, yana tambaya.

Sale kuwa, wanda ka ce ba zai yi shekara biyar a aikin gwamnati ba, ko uku bai yi ba. Yanzu Alhaji Sale ne na Sheme, dillalin hatsi, motocinsa na kai masara da waken suya har kudu. Tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Ya ce ya shekara da shekaru yana shuka ta, har masara ta zo ta cinye gonakin kowa, nasa ma ba su tsira ba. Kunya ta kama shi ƙwarai. Duk ranar kasuwa sai ya bar cinikinsa ya bi layin masu dawa, yana tsoma hannu a buhu yana murzawa yana dubawa. Abokan sana'arsa suka fara cewa Alhaji ya samu matsala. Ya aiko mani da ƙulli-ƙulli kala-kala, ko ɗaya babu taka a ciki.

Sai Binta, ƙawata da muka yi ɗaki ɗaya a kwaleji. Ita ta riƙe sashen mata na aikin gona a Ƙanƙara har ta yi ritaya, kuma har yau ba ta zauna ba. Rabin matan da ke suyar awara a yankin nan ita ta koya musu ko ta koya wa iyayensu. 'Yarta likitar dabbobi ce, in tana faɗin haka sai ta gyara zama. Ta ce tana sabuwar ma'aikaciya ta raba tata ga wasu mata a Mabai, amma ko da saura, Allah kaɗai Ya sani. Ta je ta tambaya, aka ce ba a san wata Gajeriyar Malam ba. Ita ce ta dakatar da mu duka. Ta ce ƙwaya a buhu tana ruɗi, suna kuma yana canzawa daga gari zuwa gari, mu jira kaka dawa ta fitar da kai, a tsaye za mu gane ta.

Ban taɓa ganin damina mai tsawon ta bana ba. Duk gonar da na wuce sai na rage tafiya ina kallo.

Rannan ina tankaɗe da hantsi waya ta yi ƙara. Binta ce, tana haki kamar wadda aka koro. Abin da ta iya faɗi kawai shi ne, "Rabi, bar abin da kike ki taho Mabai." Na sanar da su Sale. Kafin in gama shiri motarsa tana ƙofar gida, kwana ɗaya muka ba Dogo ya iso daga Sabuwa, washegari muka kama hanya. Rabon da mu huɗu mu haɗu a wuri ɗaya tun ranar yaye. A mota Dogo da Sale suka dasa gardama a kan wanda ya fi cin maki a darasin ƙasa, kamar jiya aka yi jarrabawar. Ni dai ina tsoron a je a tarar mai kama da ita ce.

Tun daga nesa na gane ta. Ga ta nan a gayaunar mata a bayan gidaje, iya kafaɗa, wuya a sunkuye, ƙwaya fara da ɗan ja a bakinta. Ba gayauna ɗaya ba kuma, Malam. Duk inda na juya ita ce. Na shiga na kama wata zangarniya, kuka ya ƙwace mani, Binta ta riƙe ni. Sale ya murza ƙwaya a tafinsa ya jefa a baki, sai kai yake gyaɗawa.

Matan suka fito suna mamakin tsofaffi huɗu da manyan kaya a cikin gonarsu. Su "ta Malama" suke ce mata, saboda Binta. Suka ce tana nuna daidai lokacin da rumbu ya ƙare, ƙuduji kuma ba ya cin ƙarfinta. Wata ta ƙara da cewa tun da daji ya ɓaci aka daina shuka doguwar dawa kusa da gida, ita wannan kana tsakar gona kana hango mai tahowa. Dogo yana tsaye a tsakiyarta, dogare da sanda, ta tsaya masa a ƙirji. Na jira in ji tsokana. Sai ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga, ya ce, "Ka ci gardama, Malam. Allah shi gafarta maka."

Ina alfahari da su, wallahi. Mun tsufa, wasu sun yi suna, wasu sun yi dukiya, wasu mun koma bayan gida da 'yan kunyoyi. Amma da aka taɓa abin da ka bar mana, darakta ya hau babur, attajiri ya bar ciniki, Binta ta taka ƙauye da ƙafarta. Mun yanke shawara a nan bakin gonar cewa za a sake raba irin ga duk ɗan ajin da ke da rai, har farfesa, ko a tukunya ne ya shuka.

Za mu tafi sai wata tsohuwa da suke kira Iya ta sa aka ɗauro mani dami guda, zaɓaɓɓun zangarnu, waɗanda ta ware wa kanta na iri. Ta tambayi Binta dalilin kukana. Binta ta ce mata ita rabawa kawai ta yi, mai dawar wani ɗan ajinmu ne mutumin Mairuwa, ya rasu, ni ce matarsa. Iya ta kama hannuna da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce, "Ɗiyata, ashe ya riga mu. Mu ba mu san shi ba, ba mu san sunanshi ba. Amma tun ina da ƙarfina, duk shekarar da muka tuƙa tuwon farko da ita sai mun ce, wanda ya hiddo wagga dawa, da rai ko ba rai, Allah shi jiƙan shi. Yanzu hwaɗa mani sunan, in riƙa kira."

Ka san tun da aka ɗaura mana aure bakina bai taɓa kama sunanka ba. Ranar na faɗa, a gaban Dogo da Sale da matan Mabai duka. Iya ta maimaita shi a hankali har ya zauna mata, sannan ta ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

Garin nan ko sau ɗaya ba ka taɓa taka shi ba, Malam, ga shi shekara da shekaru ana yi maka addu'a a cikinsa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawan nan naka. Duk cikin da dawarsa ta cika, na mutum ko na tsuntsu, har waɗanda suka cinye mani ta bara, Ka sa a mizaninsa. Ka jiƙan 'yan ajinmu da suka riga mu, Ka ba Dogo lafiyar gwiwa, Ka saka wa Sale da Binta da matan Mabai da alheri. Ka kawo mana zaman lafiya mu koma gonakinmu. In tamu ta zo Ka sa mu cika da imani, Ka haɗa ni da shi a inda babu rabuwa. Amin.

Taka har kullum,
Rabi, Faskari.