Mama Ta Soke Sunana Daga Layi

Anti Danuta, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Yau sati uku ke nan ban ɗaga wayar mahaifiyata ba. Lahadi mai zuwa ne bikin ranar sunanta, wanda ake yi duk shekara kamar na ranar haihuwa, dangi duk za su hallara, ni kuwa na rantse ba zan taka gidan ba. Matata ce ta ce in rubuto miki, wai kunnenta ya gaji da jin maganar safe da yamma.

Shekarata talatin da takwas, makanikin motocin bas ne ni a nan garin Radom. Ina buga gem, wato wasan bidiyo, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ƙanena Leszek shekara shida ke nan yana aikin kifi a Norway. Ni da shi ba mu iya hira a waya ba, minti biyu sai kowa ya rasa abin cewa. Amma ranar Lahadi da yamma, idan muka kunna na'ura kowa ya sa abin sauraro a kunne, sai mu yi awa uku bakinmu bai huta ba. A nan na ji matarsa ta bar shi. A nan na ji likita ya hana shi shan giya. Mama ba ta san wannan ba, a wurinta wasan yara ne nake yi da gemuna. To shi Leszek ya riga ya yi odar sabuwar na'urar da za ta fito, kuma sabon gem ɗin da muke jira ba ya hawa tsohuwar.

Wani shagon kayan lantarki a unguwarmu ya sanar cewa ranar Asabar da ƙarfe tara zai karɓi odar mutum talatin kacal, kuma sai mutum ya zo da ƙafarsa. Wanda bai samu ba sai bayan hunturu. Na ɗauki hutun kwana biyu, na je tun Alhamis da rana, na tarar da mutum takwas a gabana.

Kuskurena ɗaya, na gaya wa Mama inda nake. Ta taho mini da miya a fulas, ta tsaya ta ƙare mana kallo, ta ce, "Wannan layi ne ko kasuwar kaji? Wa ke riƙe da littafi?" Babu wanda ya gane nufinta sai wani dattijo da ya zo yi wa jikarsa oda. Kafin in farga ta shiga shagon da ke gefe ta sayo littafin rubutu da rula. Kin dai san iyayenmu. Wata goma sha ɗaya ta yi tana amsa suna a layi kafin ta samu injin wanki a zamaninsu na ƙarancin kaya, kuma har yau tana ba da labarin kamar wadda ta ci yaƙi.

Ta kafa doka. Kowa da sunansa da lambarsa. Kiran suna sau uku a rana, bakwai na safe, sha biyu, shida na yamma, tsakani kowa ya tafi harkarsa. Za a kira mutum sau uku, in bai amsa ba a soke shi ya koma ƙarshe, kuma ba a amsa wa wani. Mutane suka ji daɗi, don ba wanda zai daskare a bakin titi. Ni ma har kaina ya yi girma. Ranar Juma'a da rana ta soke wata ɗalibar jami'a mai suna Kinga a kan minti huɗu, yarinyar har da hawaye. Na ce a raina ai doka ce.

Asabar da safe na biya na ɗauko Mama, muka isa bakwai saura ashirin da biyar. Tana lalube a jaka ta ce ta manta maganinta na hawan jini, amma ba komai, ta sha in ta koma. Na san yadda take zama in ba ta sha ba. Na ce bari in ruga in dawo, tafiyar minti bakwai ce. A hanyar dawowa aka rufe ƙofar layin dogo, jirgin kaya ya yi ta wucewa kamar ba zai ƙare ba. Na iso bakwai da minti shida, maganinta a hannuna.

Anti, ta soke ni. Da rula, layi miƙaƙƙe. An gaya mini sau uku ta kira, da cikakken sunana, kamar ba ita ta raɗa mini shi ba. Dattijon nan ya ce wa Mama, "Haba Pani Bogumila, ɗanki ne fa, kuma aikenki ya je." Wasu ma suka sa baki. Ta ce, "Ban aike shi ba. Jiya na soke 'yar mutane a kan minti huɗu, da wane ido zan kalle ta?" Ta karɓi maganin, ta haɗiyi ƙwaya ɗaya, ta ce, "Na gode, Irek. Lambarka arba'in da huɗu."

Daga tara zuwa arba'in da huɗu. Ina tsaye aka karɓi odar mutum talatin, manajan shagon ya fito ya ba ta kwalin cakulan, aka yi mata tafi. Ta samu tafinta, ni na samu me? Abin da ke ƙona mini rai ba na'urar ba ce kawai. Ta zaɓi mutuncinta a idon baƙi arba'in a kan ɗan cikinta, kuma har yau ba ta ce yi haƙuri ba. Saƙo ɗaya ta turo, wai in zo da kujeru biyu ranar Lahadi. Anti, ni ne mara hankalin, ko ita ce mara tausayi?

Lamba Tara, daga Radom

*

Lamba Tara, ɗana, fushinka yana kan hanya, kuma ba zan ce maka ai wasa ne kawai ba. Ka bar wurinka saboda lafiyarta, ta saka maka da rula. Mutanen layin da kansu sun nemi a yi maka sassauci, ita ce ta ƙi. Ko a zamaninmu, mai riƙe da littafi mai hankali yakan tambayi jama'a a irin wannan hali, abin da suka yanke shi ke nan. Ba ta tambaya ba, ta yi gaban kanta, a nan ta yi kuskure, kuma ka cancanci ta faɗi hakan.

Amma zo nan. Ranar Juma'a da aka soke Kinga kana ina? Ka ce ai doka ce. Dokar ta yi maka daɗi kwana biyu, ta sa ka kwana a gadonka maimakon bakin titi, sai da ta taɓa ka ta zama rashin tausayi. Kuma ka san hukuncin, ka san akwai layin dogo a hanyar, ka tafi ba ka sanar da jama'a ba.

Ni ma na tsaya a irin layukan nan. Wanda aka fi tsana a lokacin shi ne mai littafin da ke cusa 'yan'uwansa, ana nuna shi da baki shekara da shekaru. Mahaifiyarka ba tafi take nema ba. A irin tarbiyyarta, fifita ɗa a littafi sata ce, kuma na yi imani hannunta bai ja layin nan da sauƙi ba. Sannan ita a saninta abin wasa ka rasa. Ba ta san cewa ta nan kaɗai 'ya'yanta biyu ke magana ba, kuma kai ne ba ka gaya mata ba.

Ga abin yi. Ka kira Leszek yau, ka ce kada ya rabu da tsohuwar na'urarsa, ku ci gaba da tsohon gem har taka ta iso. Ba sabon gem ne ya sa ya gaya maka matarsa ta tafi ba. Sannan ranar Lahadi ka ɗauki kujerun nan biyu ka je da wuri, kafin baƙi. Ka same ta a kicin ka gaya mata ta ɓata maka rai, ka gaya mata dalilin, ba tare da ihu ba. Sirrin ƙanenka kuwa ka bar masa, shi zai faɗa da bakinsa.

Kada ka zauna jiran "yi haƙuri". Matan zamaninmu da wuya kalmar ta fita daga bakinsu, ni ma 'ya'yana shaida ne. Wataƙila ma ta ce ka matsa mata daga gaban murhu. Amma idan aka zauna cin abinci ka ga ta tsallake kowa ta ƙara maka pierogi, 'yan ƙunshin fulawar nan masu haɗi a ciki, ba ka roƙa ba, to ban haƙurin ke nan, ba ta da wani. Ka cinye, ko ka ƙoshi.

Allah ya huci zuciyarka, ya ƙara mata lafiya, ya dawo muku da Leszek lafiya.

Taku, Anti Danuta