Jelar Tunkiyar da Kika Aiko wa Orgil

Unguwar Chingeltei,
Ulaanbaatar.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da kowa na gida. Yaya sanyi a wajenku? Ina fata ƙanƙara ba ta rufe ciyawa ba, kuma tumaki da shanu sun shiga sanyin bana da ƙibarsu. Kullum in Yaya Byambaa ta kunna fitilar man shanu da safe, ina roƙa muku lafiya, musamman gwiwar Baba. Mu nan duk lafiya lau. Mijin Yaya yana can wajen haƙar ma'adinai a Gobi, sai Bikin Farin Wata, na sabuwar shekara, zai zo. Jikanki Orgil, ɗan Yaya, ya fara juyawa da kansa, yana kuma dariya in an hura masa ciki.

Inna, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, ko Yaya ba ta san dukanta ba. Kin san ni a waya, in kin ce yaya ake ciki sai in ce lafiya, bakina ya tsaya nan. Shi ya sa na ari biro. Jelar tunkiyar nan mai kitse da kika aiko tare da naman da za mu ci da sanyi, wadda kika naɗe daban kika ce a riƙa yanka wa Orgil yana tsotsa kamar yadda kika yi mana, ban taɓa sa masa ita a baki ba. Da kika tambaye ni a waya ko yana sonta na ce i, kuma tun ranar abin yake damuna. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Malamar asibitin unguwa ta gaya wa Yaya cewa har yaro ya cika wata shida kada a ba shi komai sai nonon uwa. Ba shayi, ba kitse, ko ruwa ba ya buƙata. Yaya ta riƙe maganar nan da hannu biyu. Amma da Orgil ya yi wata uku dole ta koma aiki a masana'antar saƙa rigunan gashin awaki, don in ta daɗe za a ba wata kujerarta. Suna ba mai shayarwa lokaci da rana ta je gida, sai dai ke ba ki ga cunkoson motocin garin nan ba. Kafin bas ya kawo ta unguwarmu lokacin ya ƙare. Ta sayi abin tatsa na hannu, tana shiga banɗakin ma'aikata tana tatsa a tsaye, ana buga mata ƙofa. Abin da take kawowa bai rufe gindin kwalba ba. Yaro ya yini yana kuka a hannuna, ita kuma ta dawo rigarta a jiƙe, ƙirji ya kumbura, ta zauna bakin murhu tana hawaye tana cewa nononta ya ƙafe.

Surukarta, Iya Dejid, tana maƙwabtaka da mu, kuma kin san bakinta. Kullum sai ta shigo ta ce wai mun mai da jikanta ɗan gwaji, 'ya'yanta maza duk da jela ta raine su, ga su nan ƙatti kamar bijimai, mu kuwa 'yan boko za mu busar da yaro kamar cuku a kan rufin ɗaki. Ni take ce wa 'yar boko, ni da ko firamare da ƙyar na gama! Daga baya ta ce in mako ya zagayo yaro bai daina kukan yunwa ba, za ta ɗauke shi ta koma da shi ɗakinta, ta ba shi madarar shanu da jela, uwarsa ta riƙa ganinsa ranar hutu. Zaɓi biyu ya rage wa Yaya. Ko dai ta bar aiki, ko ta bar shayarwa.

Ni kuwa sai na tuna da jar saniyarmu. Ke kika koya mini cewa ko hannun wa ya taɓa ta ba ta sakin nono sai an kawo ɗan maraƙinta ya fara tsotsa. Na ce a raina, to ai Yaya ma ba ƙafewa ya yi ba, ɗan maraƙin ne ba ya kusa. Washegari da hantsi na naɗe Orgil da fatar ɗan rago, na shafa masa baƙin tukunya a goshi don tsari, na cusa shi cikin ƙirjin rigata na ɗaure ɗamara, na hau bas ni kaɗai. Inna, ban taɓa hawa ni kaɗai ba.

Mai gadin ƙofar masana'antar wani tsoho ne, Baba Luvsan. Ya tambaye ni abin da nake nema, na kasa magana, sai Orgil ya tsala kuka daga cikin rigata. Tsohon ya yi tsalle ya ce wai ya zaci ɗan rago na sato. Shi ya aika aka kira Yaya, ya bar mana ɗakin gadinsa mai ɗan murhu, ya fita ya tsaya cikin sanyi yana buga ƙafa. Orgil na kamawa sai nono ya zubo har yana ƙwarewa, ɗaya gefen ma yana ɗiga. Yaya ta tara kwalba, ta cika fiye da rabi ba tare da ta matsa ba. Tana dariya tana kuka lokaci guda. Tun daga ranar kullum muke zuwa. Baba Luvsan ya sa mini suna Sarkin Surutu, wai in na iso sai ya toshe kunne don kada in cika shi da zance.

Ba a daɗe ba shugabar sashen su Yaya, Madam Altantuya, ta gan mu. Ta turo ƙofa fuska a ɗaure, ta ce nan wurin aiki ne ko gidan raino, wa ya ba da izinin shigo da jariri, in wani abu ya same shi wa za a kama. Ta ce wa Baba Luvsan aikinsa na rawa. Yaya ta sunkuyar da kai, yaro na bakin nono, ta kasa ko motsi. Na ga in ban yi magana ba shi ke nan, gobe Orgil yana ɗakin Iya Dejid. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce mata ranki ya daɗe, ba laifinsu ba ne, ni na kawo shi, saboda saniya ba ta sakin nono in ba ɗanta kusa, kuma ko saniya ba a tatsarta a banɗaki.

Na so ƙasa ta tsage in shige, don na gane na kira yayata saniya a gaban shugabarta. Sai Baba Luvsan ya fashe da dariya ya ce yau Sarkin Surutu ta yi magana, lallai za a yi ruwa a tsakiyar sanyi. Madam ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta kasa. Ta tambaye ni 'yar ina ce, na ce Zavkhan. Ta ce ita ma a bayan shanu ta girma, kuma lokacin da ta haifi 'yarta ta fari a banɗakin nan ta tatsa har ta gaji ta daina, abin bai taɓa barin ranta ba.

Yanzu an share mana wani ɗan ɗaki da ake ajiye zare. An sa kujera biyu da hita da labule, ƙofar tana da sakata. Babban mai kamfanin bai sa hannu ba tukuna, Madam ta ce gwaji ne, amma mata biyu sun riga sun bi sahun Yaya, ɗaya daga cikinsu kakar ɗanta ce ke kawo mata shi. Ranar da hayaƙin kwal ya rufe gari ba na fita da Orgil, don yana sa shi tari. Sai in bar shi wajen Iya Dejid in tafi da hularsa wadda ya kwana da ita. Kin tuna yadda muke nuna wa saniya fatar ɗanta in ya mutu, ta shinshina ta saki nono? Haka Yaya take shinshina hular, nono ya zo, in sa kwalbar a ƙirjina in dawo da ita da ɗuminta. Iya Dejid da kanta take ba shi da ƙaramin cokali. Shekaranjiya ta ɗaga shi sama ta ce kai, wannan mummunan ya yi nauyi kamar buhun fulawa. Kin san in ta ce mummuna, don kada baki ya kama shi ne. Ba ta sake maganar ɗauke shi ba.

Jelar da kika aiko kuwa ba ta tafi a banza ba. Na narka ta a hankali yadda kike yi, na tace man a kwalba. Kowace safiya kafin mu fita ina shafa masa a kumatu da ƙafafu da bayansa. Duk sanyin nan fatarsa ba ta tsage ba, matan masana'anta har tambaya suke wane mai ne. Ina ce musu na kakarsa ne. Na rage wani yanki a rumbu cikin ƙanƙara, ranar da ya cika wata shida shi zan fara sa masa a miyarsa.

Ki gaishe mini da Baba, a ce ya riƙa ɗaure gwiwar da ulu. Ina gaida Kawu Dorlig da matarsa, da Goggo Yanjin, da ƙanwata Nomin. Yaya tana gaishe ku, ta ce za ta kira ranar hutu in kun hau tudu inda waya ke kamawa.

Saura magana ɗaya. Na san an shirya in biyo motar Kawu bayan Bikin Farin Wata don haihuwar tumaki, kuma na san ni ce mai rera wa tunkiya waƙa har ta karɓi ɗan da ta ƙi. Ina kewar wannan fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma Orgil ba zai cika wata shida ba sai haihuwar ta kusa ƙarewa, kuma in na tafi babu mai kai shi ƙofar masana'antar nan. Na riga na mayar da jakata ƙarƙashin gado. Nomin ta iya rerawar, ta sha tsayawa a bayana, kunya ce kawai take ji. Ki bar ta ita kaɗai da tunkiyar, bakinta zai buɗe.

'Yarki mai kewarki,
Tungaa