Sunan da Kuka Laƙaba wa Jarumar Fim Ya Biyo Ɗiyata Makaranta

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke juya fina-finan ƙetare zuwa Hausa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da gaisuwar Musulunci, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Umaru. Albasa nake saye a Amarawa da ƙauyukan Garu in kai Konni, can ƙetaren iyaka, wani lokaci har gaba. A Illela aka haife ni, nan nake zaune da iyalina. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba sai yau. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, ban ambaci sunan fim ba, domin ba tozarta ku na zo yi ba. Kun san kanku, kuma duk mai waya a garin nan ya san muryar da ke buɗe fina-finanku. Na aika saƙo ta lambar da kuke sakawa a ƙasan hoto, ba a amsa ba. Na kira, wanda ya ɗauka ya ce layin na masu son talla ne kawai. Abin da ya sa na fito fili ke nan.

Na ɗaya. Ina da ɗiya, Lubabatu, muna kiranta Luba, shekararta goma sha uku. Da izininta na sa sunanta a nan. A cikin 'ya'yana ita kaɗai ta ɗauko launina, sauran uwarsu suka biyo, wankan tarwaɗa. Luba baƙa ce sosai, irin baƙin da ke sheƙi in an shafa man kaɗe. Tun tana ƙarama ta san haka, domin mutane ba su bar ta ta manta ba. A gidan suna ko gidan biki sai wata ta dubi uwarta ta ce, "Wagga kuma ina kis samo ta?" a yi dariya a wuce. Ta tashi mai yawan shiru. In za a ɗauki hoto, sai ta koma bayan ƙannenta.

A dogon hutun bara ta je Konni wurin gwaggonta, ƙanwata, wadda ke auren wani malamin makaranta. A can ta kalli wani fim na jaruman nan masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, cikin Faransanci, mijin gwaggon yana yi musu bayani. Babbar jarumar fim ɗin mace ce baƙa ƙirin, da kitso irin namu. Akwai inda madatsar ruwa ta tsage a saman wani gari, matar nan ta dafe bangon da hannuwanta da kafaɗarta, ta tsaya ruwa na dukanta, har mutanen garin suka fice da yaransu da tsofaffinsu.

Luba ta dawo Illela kamar ba ita ba. Ranar da ta dawo ta same ni ina ɗaure buhuna, ta ce, "Baba, ashe ana yin fim baƙa ta zan ita ta babba? Ba 'yar aiki ba, ba mayya ba?" Ta sa uwarta ta yi mata kitso irin na jarumar. A hoton Sallah ita ce a gaba. Ta fara tambayata wane karatu ake yi kafin a iya gina madatsar ruwa, ni kuwa ban sani ba, sai da na tambayo mata. A makaranta ta ba ƙawayenta labarin fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, ta ce musu su jira ya fito da Hausa su gani, matar kamar ita take sak. Wannan maganar da ta faɗa cikin murna ita ce daga baya aka juya aka soke ta da ita.

Na biyu. Da fassararku ta iso shagunan da ake tura fina-finai a waya, Luba ta roƙe ni in samo. Na samo. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta gayyato ƙawayenta biyu na maƙwabta, aka jingina wayar da kwano. Jarumar na fitowa, mai fassararku ya gabatar da ita da sunan da ya raɗa mata: Gindin Tukunya. Yaran maƙwabta suka tuntsire da dariya suna duban Luba. Ta yi murmushi irin wanda ake yi don kada a yi kuka. Aka ci gaba, sunan yana dawowa duk inda matar ta bayyana. Can sai Luba ta ce za ta ɗebo ruwa. Ba ta dawo kan tabarmar ba.

Don kada in yi muku ƙazafi, na ɗauki wayar na kai wa mijin ƙanwar tawa a Konni, muka zauna muna kallon naku da na asali gefe da gefe. Ga abin da muka gani. A na asali matar tana da sunanta na mutunci, babu wanda ya taɓa zancen launinta da izgili. A inda ta dafe madatsar, ba ta ce komai ba, numfashi kawai take yi, amma a naku an sa wani daga gefe yana cewa ko ruwa tsoronta yake ji kada ta rina shi. A inda ta durƙusa gaban kabarin mahaifiyarta tana neman gafara don ba ta iso da wuri ba, a naku an sa ta tana roƙon a taimaka mata da sabulu. Abokin tafiyarta kuwa, Bature, wanda sau da yawa ita ke tsamo shi daga halaka, shi kuka ba murya mai nauyi, kuna kiransa Oga. Ba mu ji an yi wa fatarsa ba'a ko sau ɗaya ba. Wannan ba kuskuren fassara ba ne, ranka ya daɗe. Ƙari ne da wani ya zauna ya ƙirƙira.

Na uku. Na so in ga yadda manya ke karɓar abin, sai na shiga wani gidan kallo kusa da tasha ranar kasuwa da rana, lokacin da suke nuna shi. Akwai 'yan kabu-kabu, da masu dako, da 'yan canji da suka shigo hutawa, da baƙi daga ƙetaren iyaka. Abin da na gani shi ya fi tsaya mini a rai. Da aka zo wurin madatsar, ɗakin ya yi tsit. Wani ɗan kabu-kabu da ke gabana, baƙi kamata, ya ɗago daga benci ya dunƙule hannu, kamar shi ke riƙe da bangon. Na dubi fuskokin mutane, na ga abin da ban saba gani a gidan kallo ba. Mutane ne da kullum suke kallon fararen fata suna ceton duniya, yau ga tasu tana yi. Sai muryar nan ta jefo maganar rina ruwa. Aka fashe da dariya. Ɗan kabu-kabun ya waiga dama da hagu, ya saki hannunsa, ya zauna, shi ma ya yi dariyar.

Wani dattijo, dillalin shanu, ya ce da ƙarfi, "Mi na abin dariya nan? Ba ita tat tsai da ruwan ba?" Wasu suka ce Baba wasa ne. Ya saɓa rawaninsa ya fita. Mutum biyu ko uku suka bi bayansa, sauran suka zauna.

Na kawo wannan ne domin na san amsar da za a ba ni, cewa abin da 'yan kallo ke so ke nan. Ni na ga 'yan kallon da idona. Kafin ku sa musu dariya a baki, alfahari suke yi. Ku kuka zaɓa musu.

Na huɗu. Sunan ya riga Luba isa makaranta. Waɗanda ta ce wa su jira su ga mai kama da ita sun gani. A aji, a bakin famfo, a hanyar Islamiyya, Gindin Tukunya. Har yaran da ba su san sunanta na yanka ba sun san wannan. Na je na ga shugaban makarantar, ya tara yara ya yi faɗa, Allah ya saka masa. Amma ba a hana yaro abin da yake ji manya na maimaitawa a teburin mai shayi. Ta tsefe kitson. Ta daina zancen madatsar ruwa.

Ba mu san ta sayi man bilicin ba. Da ɗan abin da ta samu na barka da Sallah ta saya, wurin yayar wata ƙawarta, haɗi ne a cikin roba marar suna. Tana shafawa a ɓoye, tana rufe fuska da hijabi, mu muna zaton kunyar girma ce ta zo. Sai wata safiya uwarta ta shiga tashinta sallah ta tarar fuskar ta kumbura, kumatu sun saɓule, ruwa na fita. Muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta wanke ciwon ba ta ko tambayi abin da ya faru ba, tana gani ta sani. Da ake wankewa Luba ba ta yi kuka ba. Abin da kawai ta ce wa uwarta shi ne, "Inna, kaɗan nis so in rage, ba duka ba."

Ta rasa jarrabawar zangon nan. Ciwon ya warke, alhamdulillahi, amma ya bar tabo a kumatu biyu, wani wuri fari wani wuri ya fi yadda yake a da baƙi, kuma an ce kada ta yawaita shiga rana. A Illela, ranka ya daɗe, ina za a ɓoye wa rana? An ce tabon zai iya dushewa da lokaci, ba a yi mana alkawari ba.

Na biyar. Ba na ɗora muku laifin duka. Raina baƙar fata ya girme kamfaninku. Yana cikin bakin matan gidan biki, yana cikin waƙoƙin da ba a yabon mace sai an ce fara, yana kan teburan masu sayar da mai a kasuwarmu da ta Konni. Wadda ta sayar wa ƙaramar yarinya guba ita ma na je gidansu, mun yi magana da mahaifinta. Ban kuma ce a daina barkwanci a fassara ba. Ni kaina na sha dariya da fina-finanku a kan hanya, in mota ta lalace muna jiran gyara. Kun iya aikinku, shi ya sa maganarku ke shiga inda wa'azi ba ya shiga.

Amma ku duba abin da ya faru. Mutanen wata ƙasa mai nisa, waɗanda muke zargi da raina mu, sun daɗe suna fitar da jarumai farare, yau sun fito da baƙa sun ɗora ta a gaba. Ko don kasuwa suka yi, ko don Allah, su suka sani. Fim ɗin ya ratso teku da mutuncinta a jikinta, ya shiga Faransanci da mutuncinta, sai da ya shigo harshenmu aka tuɓe mata shi. Ɗiyata ta ji daɗin launinta a harshen da ba ta ji, ta tsane shi a harshen da ta sha a nono. Wannan ne ya hana ni yin shiru. Kuma duk mun sani Allah ya ambaci bambancin harsuna da launuka a cikin ayoyinsa. Wanda ya yi wa launi dariya, ya duba wa yake yi wa.

Ga abin da nake roƙo. Ku janye wannan fassarar daga hannun masu rarraba muku, ku sake ta da sunan matar na gaskiya da maganganunta na gaskiya. Na san wadda ta riga ta shiga wayoyi ba ta dawowa, amma a samu ta ƙwarai a gefenta. Ku sa wa masu fassararku doka cewa launin mutum, fari ko baƙi, ba abin ba'a ba ne, haka nan naƙasa da ƙabila. Kafin fim ya fita, wani mai 'ya'ya a cikinku ya zauna ya saurare shi da kunnen uba. Sannan a farkon fim ɗinku na gaba, da muryar nan da kowa ya sani, a faɗi cewa sunan nan kuskure ne kuma an janye shi. Yaran da suka ɗauka daga bakin mai muryar, daga bakinsa kawai za su ajiye. Ba na neman diyya. Magani na riga na saya, abin da ya saura ba na sayarwa ba ne.

Da na gama rubutun nan na karanta wa Luba, domin labarinta ne, na ce ko akwai abin da za a cire. Ta ce babu. Na ce ko akwai abin da za a ƙara. Sai ta ce, "Baba, ka tambaye shi, mai muryar nan, shi wane launi gare shi?" Ni dai ban taɓa ganinsa ba. Na isar da tambayar kamar yadda aka ba ni.

Allah ya yi maka jagora, ya albarkaci sana'arka da halal, ya raya maka zuriya cikin mutunci, ya tsare su daga bakin mutane. Ya sa muryar da ya ba ku ta zama hujja gare ku ranar da za a tambayi kowa abin da harshensa ya faɗa.

Wassalam.

Umaru Mai-albasa,
Illela, Jihar Sakkwato.