Wayata Ta Ce Babu Wuri

Zuwa ga 'yata Doreen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Jason da yara. Allah ya kiyaye ku a can Fatakwal, ya ba ku ƙarfin jiki da kwanciyar rai. Mu nan Kafanchan lafiya lau, sai gwiwata da ke yi mini gardama duk ranar da hadari ya taso. Yayanki Leonard ya gama noman masara. Matarsa Selina ce riƙe da biro, ni ina faɗa tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya, don zan gane ko da ban yi boko ba.

Tun shekarar da citta ta ruɓe a gonaki, wadda a cikinta muka binne mamarki Afiniki, wayar nan da kika saya mini take aljihuna, ban taɓa zubar da komai daga cikinta ba. Maganar wayar ce ta sa na aiko miki da takarda maimakon saƙon murya, kuma za ki ji dalili.

Kin tuna Babayo, Bafulatanin da rugarsa ke ƙetaren rafi, wanda yake kawo miki nono kina ƙarama. Muna samari, ni da shi, aka tsayar da mu muka ga iyayena da nasa sun yanka burtali, hanyar da shanu za su bi zuwa ruwa ba tare da sun shiga gona ba. A cikin waɗanda suka tsaya ranar, mu biyu muka rage. Daminar bara Leonard da Abdulrashid ɗan Babayo suka yi cacar baki a kan inda hanyar ta bi, har sai da muka shiga tsakani. Abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, kin dai san yadda ƙaramar magana take girma a ƙasar nan. Yanzu idon Babayo ya yi rauni, 'yarsa za ta zo ta ɗauke shi zuwa Jere mako mai zuwa, ba na jin zai sake taka bakin rafin nan. Sai muka shirya mu bi burtalin tare, shi yana faɗa ina faɗa, waya tana ɗauka, don 'ya'yanmu su ji daga bakinmu bayan ba mu. Muka tsaya gindin ɗorawa, ya gyara murya, ya fara kiran sunan mahaifinsa, sai wayar ta tsaya cik. Wai babu wuri. Babayo ya yi dariya ya ce ashe har waya ta gaji da surutuna.

Na kai ta wurin Simon mai gyaran waya, kusa da tashar jirgin ƙasa. Bai ko dube ta da kyau ba ya ce sai dai a share ta tas ta koma sabuwa. Na fizge abata. Na ce masa ko ɗakin uwarsa idan ya cika da kaya ai ba wuta ake sa masa ba.

Da na dawo gida Selina ta zaunar da ni, ta buɗe wani wuri a cikin wayar da ke nuna abin da ya ci wuri, daga babba zuwa ƙarami, kamar ka leƙa rumbu ka ga abin da ke ciki. Ni na ɗauka hotunan da nake ɗauka ne. Ashe ba su ba ne, Wasap ne ya cinye kusan komai. Akwai wa'azin da ake turowa a guruf ɗin ikilisiya, akwai furannin barka da safiya da ke da ƙannenki kuke aiko mini kullum, amma babban kayan shi ne bidiyon bison mamarki, wato jana'izarta. Duk wanda ya same shi ya turo mini, kuma Selina ta ce bidiyo ɗaya ne, wayar ce take ajiye kowanne kamar sabon buhu. Ta cire wasu abubuwa da ban taɓa buɗewa ba, ta share abin da ta kira tarkace, wurin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Ta ce sai an taɓa bidiyon.

Na ce ba za a taɓa ba. Ita tana ganin bidiyo ɗaya, ni ina ganin mutane. Wanda ya turo mini ya yi mini gaisuwar mutuwa ne, kuma a wurinmu ba a zubar da gaisuwa, ana riƙe ta har ranar da za a mayar. Selina ta ce, da ladabi dai, ni da nake iya lissafa waɗanda suka zo bison kakanku har da abin da kowa ya kawo, yaushe na fara dogara da waya don in tuna mai gaishe ni. Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Ba zan ce ta fi ni gaskiya ba, kuma Selina, rubuta haka yadda na faɗa. Abin da na gani shi ne, bison mamarki yana cikin wayoyin mutane da yawa, amma abin da ke bakin Babayo babu shi ko'ina sai a bakinsa. Mamarki kuwa da tana nan da ta ce in daina taurin kai in je in yi abin da zai hana yara faɗa. Sai na kira Selina na ce za a yi, amma yadda nake so. Ta riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa mini wanda ya turo, ni kuma in kira sunansa da na ubansa, in ce na gode, Allah ya sāka, sannan ta goge. Da muka zo kan na marigayi Henry, ɗan ikilisiyarmu, wanda ya riga mu gidan gaskiya bayan ya turo, sai da na yi masa addu'a kafin ta goge. Muka bar guda, wanda kika turo, inda zumuntar mata ke waƙa a bakin kabari.

Furanninki ma sun tafi, 'yata, kada ki ji zafi. Na amsa kowace gaisuwa a ranarta. Selina ta rufe ƙofar da kaya ke shigowa da kansu, don haka ki daina aiko da fure, ki kira ni ranar Lahadi bayan sujada in ji muryarki. Kuma ki riƙe bidiyon da ke wurinki da kyau, don yanzu ɗaya gare ni.

Ki gaishe mini da Jason, da jikata Hephzibah, ki ce mata mangwaronta ya fara 'ya'ya. Leonard da Selina suna gaishe ku ƙwarai. Wayar tana kan caji yanzu, Selina ta ce wurin ya ishe mu mu kai har mashayar shanu mu dawo. Gobe da sassafe zan sa Leonard a gaba, mu biya ta ruga mu ɗauki Abdulrashid, in riƙe hannun Babayo zuwa gindin ɗorawa, ya ɗora daga sunan mahaifinsa inda aka katse shi.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ni ne babanki,
Luka